Ciwon Ido Na Afolo: Asalinsa, Alamominsa Da Yadda Yake Yaɗuwa

Ciwon ido na Afolo cuta ce mai saurin yaɗuwa wadda ƙwayoyin cuta na bairos ke haddasawa. Tana kama siririn tantanin da ya lulluɓe farin ido da cikin fatar ido, sai idon ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa zubar da hawaye, mai ciwon yana jin kamar an watsa masa yashi a ciki. Idan ta shiga gari ba ta tsayawa kan mutum ɗaya. Cikin 'yan kwanaki takan zagaye gida, ta shiga makaranta da kasuwa da ma'aikata, har a wayi gari ana ta cin karo da masu baƙin tabarau a kan titi.

Duk da firgicin da kamanninta ke jefawa a zukata, a mafi yawan lokuta takan warke da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu ba tare da ta bar tabo ba. Asarar gani da ake samu a lokacin annobarta ta fi zuwa ne ta hanyoyi biyu: abubuwan da jama'a ke ɗiga wa idanunsu da sunan magani, da kuma ɗaukar wata cuta mai haɗari a matsayin Afolo har lokacin ceton idon ya wuce.

Asalin sunan

A watan Yunin 1969 ne aka fara ganin wani baƙon ciwon ido a Akra, babban birnin ƙasar Gana. Cikin 'yan watanni dubban mutane suka yi tururuwa zuwa sashen ido na asibitin Korle Bu da jajayen idanu masu ɗigon jini. A daidai wannan lokaci duniya ta zuba ido kan kumbon Apollo 11 na Amurka, wanda ya sauke Neil Armstrong da Buzz Aldrin a duniyar wata ranar 20 ga Yulin 1969. Da abubuwan biyu suka zo tare, sai jama'a suka laƙaba wa ciwon sunan kumbon, wasu ma suka yi ta cewa ƙurar wata ce aka kwaso ta zubo wa mutane a ido. Babu wata alaƙa tsakanin tafiyar da cutar, hasali ma cutar ta ɓulla kafin kumbon ya tashi. Amma suna ya riga ya bi ta, kuma har yau da shi aka san ta a Gana da Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A bakin Hausawa ya koma Afolo.

Daga Gana cutar ta bi gaɓar teku ta shigo Najeriya da maƙwabtanta, kafin shekarar 1971 ta ƙare kuma ta kai Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya da Indiya da Japan. Likitocin ido uku da ke aiki a Gana, Chatterjee da Quarcoopome da Apenteng, su ne suka wallafa bayaninta a wata mujallar likitocin ido ta Birtaniya a 1970. A Japan kuma masanin ƙwayoyin cuta Reisaku Kono da abokan aikinsa suka ware ƙwayar da ke jawo ta daga idanun marasa lafiya, wadda daga baya aka sa wa suna enterobairos 70. Zagaye na biyu na annobar ya taso a farkon shekarun 1980, inda a 1981 ta tsallaka teku ta shiga Birazil da tsibiran Karebiyan da jihar Florida ta Amurka.

Sashen idon da cutar ke kamawa

Sassa biyu na gaban ido ne ya kamata a bambance domin fahimtar wannan ciwo. Na farko shi ne tantanin farin ido, wata siririyar fata mai laushi da ta rufe farin ido ta kuma naɗe ta lulluɓe cikin fatar ido ta sama da ta ƙasa. Cike yake da ƙananan jijiyoyin jini waɗanda ba a cika ganinsu ba sai sun kumbura, kuma kumburinsu ne ke sa ido ya yi ja. Na biyu shi ne garau ɗin murfin da ke gaban baƙin ido, wanda likitoci ke kira koniya. Ta cikinsa haske ke ratsawa ya shiga ido, saboda haka duk abin da ya dusashe shi ya taɓa gani kai tsaye. Farin tabon da ke zama a kansa bayan gyambo shi ne abin da Hausawa ke kira hakiya.

Muddin ciwo ya tsaya a tantanin farin ido, ganin mutum na nan lafiya ko da idon ya yi jawur kamar garwashi. Hankalin likita yakan tashi ne idan ciwon ya gangaro kan koniya.

Ƙwayoyin da ke haddasa shi

Abin da jama'a ke kira Afolo ya ƙunshi cututtuka fiye da ɗaya, daga dangin bairos guda biyu.

Dangi na farko shi ne enterobairos, wanda ƙwayar shan-inna ma daga cikinsa take. Biyu daga 'ya'yan wannan dangi ne ke jawo Afolo na asali mai zubar jini a farin ido. Ɗaya ita ce enterobairos 70 da aka ambata. Ɗayar kuma wani reshe ne na ƙwayar koksaki A24, wanda aka fara ganowa a annobar da ta kama kimanin mutum 60,000 a Singafo a 1970. Ƙwayoyin koksaki sun samo sunansu ne daga wani ƙaramin gari a jihar New York ta Amurka, inda aka fara gano irinsu a 1948. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, koksaki A24 ce ke da alhakin mafi yawan manyan annobar Afolo a duniya.

Dangi na biyu shi ne adinobairos, wanda aka gano a 1953, kuma yana da nau'o'i sama da 50. Wasu na jawo mura da ciwon maƙogwaro, wasu gudawa, wasu kuma ciwon ido. Idan ba lokacin babbar annoba ba, adinobairos ne ke haddasa mafi yawan jan idon da bairos ke kawowa. Nau'i na 8 da na 19 da na 37 su suka fi tsanani, domin suna kama tantanin farin ido da koniya gaba ɗaya. Nau'i na 3 da na 4 da na 7 kuma sun fi kama yara, inda suke haɗa jan ido da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro.

Dangin biyu sun yi tarayya a abu guda mai muhimmanci. Ba su da rigar kitsen da ke lulluɓe wasu ƙwayoyin bairos kamar ta korona, wadda sinadarin goge hannu ke narkarwa cikin sauƙi. Wannan ya sa suke da taurin rai a wajen jikin mutum. Adinobairos na iya yin makonni a kan busasshen abu kamar hannun ƙofa ko tebur, tana nan da ƙarfin kama wani.

Alamomin Afolo mai zubar jini

Abin da ya bambanta wannan nau'i shi ne gaggawa. Tsakanin shigar ƙwayar da bayyanar ciwo awa 12 ne zuwa 48 kacal. Mutum zai kwanta lafiya, ya farka ido ɗaya na yi masa zafi da ƙaiƙayi kamar tsakuwa ta faɗa ciki. Kafin yamma fatar idon ta kumbura, hawaye na zuba ba ƙaƙƙautawa, hasken rana na damunsa. Cikin kwana ɗaya ko biyu ɗaya idon ma yakan kamu.

Alamar da ta ba shi suna a wurin likitoci ita ce jinin da ke kwanciya a ƙarƙashin tantanin farin ido. Yakan fara ne da ɗige-ɗige a sashen da fatar ido ta sama ta rufe, wani lokaci kuma ya haɗe ya mamaye farin idon duka. Wannan jini bai shiga cikin ƙwayar ido ba, a samanta ya kwanta, kamar yadda jini ke taruwa a ƙarƙashin fata idan an buge. Jiki ne ke tsotse shi a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, launinsa na sauyawa daga ja zuwa ruwan ɗorawa kafin ya ɓace.

Ruwan da ke fita daga idon tsinkakke ne, ko da yake da safe akan tarar da 'yar kwantsa ta manne gashin ido. Sau da yawa kaluluwa kan fito a gaban kunne, ta ɓangaren idon da ya fara kamuwa, tana zafi idan an taɓa. Wasu kan ji ɗan zazzaɓi da ciwon kai da kasala. Ciwon ya fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, daga nan sai ya fara sauka, akasari ya warke cikin kwana 7 zuwa 10.

Akwai wata matsala da ba kasafai ake ganinta ba, wadda aka danganta da enterobairos 70. Makonni kaɗan bayan ido ya warke, mutum kan ji zazzaɓi da ciwon baya, sai ƙafa ko hannu ya saki kamar na mai shan-inna, ko kuma gefen fuska ya karkace. An fi ba da rahoton haka a Indiya da Tailan da Taiwan, galibi a tsakanin manya, kuma an ƙiyasta cewa yakan sami kimanin mutum 1 cikin 10,000 da suka kamu. Duk wanda ya ji raunin gaɓa bayan Afolo, asibiti ya kamata ya nufa nan take.

Alamomin nau'in adinobairos

Wannan nau'i ya girmi Afolo a tarihin likitanci. Likitocin ido a ƙasar Ostiriya, ciki har da Ernst Fuchs, sun bayyana shi tun 1889. A 1941 ya kama dubban ma'aikatan wurin ƙera jiragen ruwa na Pearl Harbor a Hawai, abin da ya sa aka daɗe ana kiransa ciwon idon maƙeran jirgi. A 1955 ne Ernest Jawetz da abokan aikinsa suka ware adinobairos nau'i na 8 a matsayin sanadinsa.

Shi ba ya gaggawa. Yakan ɗauki kwana 5 zuwa 12 kafin ya bayyana, ya kuma ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya lafa. Yana farawa da ido ɗaya, bayan 'yan kwanaki ya koma ɗayan, wanda yawanci ciwonsa bai kai na farkon ba. Akwai ja da kumburi da hawaye da kaluluwar gaban kunne kamar dai na Afolo. Idan ya yi tsanani, wata farar yana kan shimfiɗu a cikin fatar ido, wadda likita kaɗai ya kamata ya cire, domin barinta na iya jawo tabo ko mannewar fatar ido da farin ido.

Babbar matsalarsa takan zo ne a mako na biyu, daidai lokacin da mai ciwon ke ganin ya fara samun sauƙi. Wasu ƙananan ɗige-ɗige masu kama da hazo kan fito a cikin koniya, sakamakon faɗan da garkuwar jiki ke yi da ragowar ƙwayar. Sai gani ya dusashe, hasken fitilar mota da dare ya riƙa tarwatsewa a idon mutum, karatu ya yi wuya. Waɗannan ɗige-ɗige na iya yin watanni, a wasu mutane har shekara ko fiye, kafin su gushe. Direba ko tela ko ɗalibin da ya ga ganinsa bai koma daidai ba bayan jan ido ya wuce, yana buƙatar likitan ido ya duba shi da na'ura.

Nau'in da ke kama yara kuwa yakan zo da zazzaɓi mai zafi da ciwon maƙogwaro da kaluluwar wuya tare da jan ido. An sha ganin ɓarkewarsa a makarantu da wuraren ninƙaya waɗanda ba a sa wa ruwansu isasshen sinadarin kulorin ba. Bai cika taɓa koniya sosai ba, kuma yakan wuce cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Yadda yake yaɗuwa

An daɗe ana cewa wanda ya haɗa ido da mai Afolo zai kamu. Wannan ba gaskiya ba ne. Ƙwayar cuta ba ta bin kallo, hannu take bi. Hawaye da kwantsar mai ciwon cike suke da ƙwayoyin. Idan ya murza ido ya yi musafaha da wani, ko ya kama hannun ƙofa, ko ya miƙa kuɗi, ko ya ba da aron wayarsa, ya bar ƙwayar a wurin. Wanda ya taɓa bayansa ya kai hannu ido, shi ke nan ya ɗauka. Saurin bayyanar ciwon ne ya ƙarfafa waccan magana ta kallo: mutum ya gaisa da mai jan ido da safe, washegari ya tashi da nasa, sai ya tuna kallon ya manta da hannun da ya miƙa.

A cikin gida, hanyoyin da suka fi yaɗa shi su ne tawul ɗaya, da hankici, da matashin kai, da ruwan wanke fuska a kwano ɗaya, da gefen zanen da uwa ke share wa yara fuska da shi ɗaya bayan ɗaya. Haka nan tsinken sa kwalli ko tozali da ake karɓa-karɓa, da kayan kwalliyar ido, da tabarau na aro, da kwalbar maganin ɗigawa guda da duk gida ke amfani da ita bakinta na taɓa idon kowa. A wuraren taruwar jama'a, hannun buta da kan famfo da ƙarfen riƙewa na motar haya duk suna iya ɗaukar ƙwayar. Adinobairos kuma na ƙarawa da bin tari da atishawa.

Asibitin ido ma kansa na iya zama mashigar cutar idan ba a kiyaye ba. An sha samun ɓarkewar adinobairos a ƙasashe daban-daban ta hanyar na'urar auna ƙarfin ruwan ido, da kwalaben magani, da hannun ma'aikata. Shi ya sa a lokacin annoba ake ware wa masu jan ido wurin zama da kayan aiki na daban.

Mai Afolo na enterobairos yakan yaɗa cutar na kimanin mako guda. Mai adinobairos kuwa yana iya yaɗa ta har kwana 14 daga ranar da ciwon ya bayyana.

Baƙin tabarau da masu ciwon ke sawa yana da amfaninsa: yana rage zafin haske, yana kuma hana hannu yawan kaiwa ido. Amma bai hana yaɗuwa ba idan ba a wanke hannu, kuma shi kansa tabaran ya zama abin da bai kamata wani ya taɓa ba.

Lokaci da wuraren da ya fi ɓarkewa

Afolo mai zubar jini ya fi son zafi da laima da cunkoso. Shi ya sa manyan annobarsa suka fi tasowa a biranen bakin teku na ƙasashe masu zafi, a lokacin damina, kafin matafiya su kai shi cikin ƙasa. Makarantun kwana, da barikoki, da gidajen gyaran hali, da sansanonin 'yan gudun hijira, da unguwannin da ruwa ke wahalar samu, nan ne ya fi yin ɓarna. Ba ya zaɓen shekaru ko jinsi. Garkuwar da jiki ke samu bayan kamuwa ba ta daɗewa, ƙwayoyin kuma iri-iri ne, don haka wanda ya yi bana na iya sake yi bayan 'yan shekaru.

Cutar ba ta zama tarihi ba. A watan Satumbar 2023 gwamnatin lardin Punjab a Fakistan ta rufe makarantu na 'yan kwanaki saboda yawan masu jan ido, a shekarar da Indiya da Biyetnam su ma suka yi fama da shi. A farkon 2024 kuma ya ɓarke a Darussalam ta Tanzaniya da Mombasa ta Kenya, ya kuma shiga Yuganda da wasu ƙasashen yankin. A zamanin da jirgi ke haɗa birane cikin sa'o'i, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Cututtukan da ake ɗauka Afolo ne

Ba kowane jan ido ne Afolo ba, kuma a lokacin annoba ne aka fi yin wannan kuskure.

Jan idon bakteriya yana zuwa da kwantsa mai kauri, ruwan ɗorawa ko kore, wadda ke dawowa da zarar an share. Mafi haɗarinsa shi ne wanda ƙwayar ciwon sanyi ke jawowa: ruwan mugunya na kwarara, fatar ido ta kumbura tim, kuma yana iya huda koniya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Jan idon borin jini, wanda ƙura ko hayaƙi ko furen tsirrai ke tayarwa, ƙaiƙayi ne babbar alamarsa, yana kama idanu biyu lokaci guda, yana tafiya yana dawowa, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Shi ne ke sa farin idon yara da yawa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa.

Ƙwayar bairos ta hafis, mai fito da ƙuraje a gefen leɓe, tana iya yin gyambo a koniya, galibi a ido ɗaya. Ƙyanda ma na sa jan ido, kuma a jikin yaron da ke da ƙarancin sinadarin bitamin A tana iya lalata koniya ta bar shi da makanta. Amosanin ido, wanda aka daɗe ana yaƙi da shi a jihohin Arewa, bakteriya ce ke kawo shi, a hankali yake tafiya shekara da shekaru har gashin ido ya juya ciki. Akwai kuma hawan jinin ido mai zuwa farat ɗaya, da kumburin cikin ƙwayar ido, waɗanda ke haɗa ja da azababben ciwo da dusashewar gani. Masu kiwon kaji su sani cewa murar tsuntsaye ma na iya bayyana da jan ido, kamar yadda aka gani a tsakanin ma'aikatan gonakin kaji a ƙasar Holan a 2003.

Likita kan gane Afolo ne daga labarin yadda ya fara da kuma duba idon. Idan ana son tabbatar da ainihin ƙwayar da ta jawo annoba, akan shafo ruwan ido da auduga a kai ɗakin gwaji domin gwajin PCR.

Kulawa da magani

Har yanzu babu maganin da ke kashe ƙwayoyin Afolo, babu kuma allurar riga-kafinsa ga jama'a. Garkuwar jiki ce ke gamawa da su. Abin da ake yi shi ne sauƙaƙa wa mai ciwon har kwanakin su cika.

A jiƙa tsabtataccen ƙyalle da ruwan sanyi mai tsabta a ɗora kan ido a rufe na 'yan mintuna, sau da yawa a rana. A share kwantsa da auduga ko takardar share hannu da ruwan da aka tafasa ya huce, kowane ido da tasa audugar, a jefar da ita a wanke hannu. Maganin ɗigawa mai aikin hawaye yana rage jin yashi, farasitamol kuma na rage ciwo da zazzaɓi. Mai sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido ya cire shi har sai ya warke sarai.

Magungunan kashe bakteriya irin su kuloramfenikol, waɗanda ake rububin saye a kemis da zarar annoba ta shigo, ba sa yi wa bairos komai. Likita kan rubuta su ne kawai idan ya ga alamar bakteriya ta shiga ciwon.

Garin neman gira

Yawancin idanun da ake rasawa a lokacin Afolo, magani ne ke cin su. Akwai masu ɗiga fitsari, nasu ko na yaro ko na saniya. Akwai masu sa ruwan batir, ko ruwan sukari, ko ruwan gishiri mai kauri, ko lemun tsami, ko ruwan albasa, ko kananzir, ko garin taba, ko ruwan ganyen da aka matse. Akwai iyaye mata masu tatsa nono a idon jariri. Da yake ciwon zai warke da kansa ko an sa ko ba a sa ba, sai wanda ya tsira ya yaba wa abin da ya ɗiga, ya kuma ba maƙwabcinsa shawara.

Ruwan batir asid ne, yana ƙona koniya cikin daƙiƙoƙi. Ruwan ganye da na sukari na iya shigar da bakteriya da ƙwayoyin fumfuna cikin idon da ya riga ya raunana. Fitsarin mai ciwon sanyi kuwa yana kai ƙwayar kai tsaye cikin ido. A annobar 1981 a Florida likitoci sun ba da rahoton mutanen da suka wanke idanunsu da fitsari suka ƙare da ciwon sanyi a ido. Ƙarshen irin wannan shi ne gyambo, sai hakiya, wani lokaci ma fashewar idon. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Haɗari na biyu yana cikin kwalba mai kyan gani. Magungunan ɗigawa masu sinadarin sitiroyid, kamar deksametazon da betametazon da firednisolon, suna kwantar da ja cikin sauri, shi ya sa ake son su. Amma idan akwai gyambon hafis ko na fumfuna a koniya, suna rura shi. Suna tsawaita kwanakin da mai adinobairos ke yaɗa cutar. Yawan amfani da su kuma na jawo hawan jinin ido da yanar ido. Suna da ranarsu, musamman ga ɗige-ɗigen koniya da yanar cikin fatar ido, amma sai likitan ido ya duba ya rubuta, ya kuma ci gaba da bibiya.

Alamomin da ke buƙatar asibiti nan take

- Ciwo mai tsanani a cikin ƙwayar ido, wanda ya wuce jin yashi.
- Raguwar gani wadda ba ta gushewa bayan an share hawaye.
- Kasa buɗe ido a cikin haske.
- Farin ɗigo ko hazo a kan baƙin ido.
- Mugunya mai yawa da ke dawowa bayan an share.
- Jan ido ko kwantsa a jaririn da bai kai wata ɗaya ba.
- Jan ido a yaron da ke da ƙyanda ko tamowa.
- Jan ido bayan rauni, ko bayan an ɗiga wani abu mai ƙuna. A nan a fara da wanke idon da ruwa mai tsabta mai yawa na aƙalla minti 15 kafin a kama hanya.
- Ƙuraje masu ruwa a goshi ko fatar ido ko kan hanci.
- Ciwon da ya ƙaru bayan kwana uku zuwa huɗu, ko ya wuce mako biyu bai warke ba.

Ana iya farawa da cibiyar lafiya mafi kusa, wadda za ta tura mai ciwon gaba idan da buƙata. Asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya suna da sassan ido, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Hanyoyin kariya

Wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana na aƙalla daƙiƙa 20 shi ne babban makami, musamman bayan taɓa ido ko sa wa mara lafiya magani. Sinadarin goge hannu na taimakawa idan babu ruwa, amma bai kai sabulu ba a kan waɗannan ƙwayoyi. A guji kai hannu ido. Mai ciwon ya ware tawul da hankici da matashin kansa, a wanke su da ruwan zafi da sabulu a shanya a rana. Ya dakata da musafaha, ya jefar da kwalli da kayan kwalliyar idon da ya yi amfani da su yana cikin ciwo, kada kuma ya raba kwalbar maganinsa da kowa.

A goge hannun ƙofa da kan famfo da tebura da ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, a kuma nisanta shi daga ido da hannun yara. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya kamu ya zauna gida har ido ya daina zubar da ruwa. Wannan ya fi zama wajibi ga ma'aikatan lafiya, da masu sayar da abinci, da masu aski da kwalliya, da masu renon yara. Shugabannin makarantun kwana da sauran wuraren cunkoso su tanadi ruwa da sabulu, su ware waɗanda suka kamu, su kuma sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma da zarar sun ga masu jan ido sun yi yawa cikin 'yan kwanaki, domin ta nan ne rahoto ke isa ga ma'aikatar lafiya ta jiha da Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, NCDC.

Gidan da mutum ɗaya ya kamu, idan aka ware masa tawul aka dage da wanke hannu tun ranar farko, sau da yawa ciwon kan tsaya a kansa shi kaɗai. Shi kuma idan ya haƙura da ruwan sanyi da tsabta, ya ƙi karɓar duk abin da aka miƙo masa ya ɗiga, ya kuma san alamomin da za su kai shi asibiti, cikin mako ɗaya ko biyu zai ajiye baƙin tabarau da ganinsa cikakke.